Hoton da Ban Ɗauka Ba

Abin da na fara gani da motar kasuwa ta sauke ni a ƙauyenmu, kusa da Takanamat, hannuwan kakata ne cikin ƙwarya, tana dama fura. Hutun damina ne na shekarar da na shiga kwalej a Tawa, kuma cikin jakata akwai ƴar kyamarar lakwal, wato makarantarmu, da malaminmu, Mushe Idi, yake ba ɗalibai aro bi da bi. Ya koya mana mu sa rana a bayanmu, mu riƙe numfashi kafin mu danna. Ya kuma ce, "Kada ki ɗauki mutum sai kin nemi izininsa." Ni da ko gaisuwa da ƙyar take fita bakina.

Na ɗauki rumbuna, da jaki mai yankakken kunne, da guga yana fitowa daga rijiya yana yoyo, don su ba sa bukatar tambaya. Amma Kaka nake so. Sai da na kwana biyu ina zagayenta kafin na iya furtawa. Ta dubi zanen aikinta mai toka, ta ce, "Ke ƴar birni, haka za ki kai ni Tawa a yi mini dariya? Bari a yi mini kitso, in ɗaura na ƙasan adaka." A wurinsu hoto ba abin yau da kullum ba ne, mutum yakan yi wanka, ya zauna, ya ɗaure fuska.

Mai kitso kuwa tana gona, noma ya kama kowa. Kullum da yamma yaran gida sukan kewaye ni, kowa na son ganin kansa a ɗan gilashin kyamarar. Na ga alamar batir tana raguwa, na san babu lantarki sai Tawa, amma bakina ya kasa cewa a'a.

Ranar Juma'a Kaka ta fito da kitso sabo, da kwalli, da baƙin zane mai ƙamshin turaren wuta. Ta zauna kan tabarma, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Na juya wa rana baya, na riƙe numfashi, na danna. Gilashin ya yi baƙi. Na sake dannawa, na girgiza, na goge da mayafina, ita kuma tana zaune ba ta motsi, tana jira. Da na faɗa mata, sai ta ce, "To, baɗi. Kitso dai na samu."

Ba ta kai baɗi ba.

Yau wayata cike take da hotuna, har na abinci, hoton jakin nan ma yana ciki. Fuskar Kaka ce take ɓace mini kaɗan-kaɗan. Kwanan baya na zauna kusa da mahaifiyata tana tsince shinkafa, na ce, "Inna, don Allah ki faɗa mini yadda tsagen kumatun Kaka yake, a hankali."