Tauren Kirsimeti da Wuƙar Malam

A gidanmu na unguwar Gomari, Baba bai taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa ba. Ba wai bai iya ba, mutumin da ya tashi cikin awaki a ƙauyenmu na kudancin Barno. Maƙwabtanmu ne kusan duk Musulmi, in ba Musulmi ya yanka ba kuwa ba za su ci ba. Shi kuma Baba, naman da bai tsallaka katanga ba a wurinsa asara ne. Don haka tun da muka tare a unguwar, wani dattijo Babarbare da katanga ɗaya ta raba mu, wanda muke kira Malam, shi ke shigowa da wuƙarsa naɗe cikin tsumma ya yanka mana. Da Babbar Sallah kuma cinyar ragonsa tamu ce.

A shekarar da nake ba da labari ni ke riƙe da girki, don ciwon ƙafa ya matsa wa Mama. Ana gobe Kirsimeti Malam ya tafi Konduga ɗauko waken da ya noma, ya ce wa Baba kafin mu dawo coci yana gida.

Washegari muka je muka dawo, ba Malam ba labarinsa. Taure na ɗaure a gindin darbejiya yana cin dusarsa hankali kwance. Shinkafa kuwa tun da sassafe na dafa ta a babbar tukunya, na soya miya, nama kawai nake jira. Na ce wa Baba a kira mahaucin bakin titi, ya ce a'a. Na ce to babban ɗan Malam yana gida, shi ma ai Musulmi ne, ya iya bisimilla. Baba ya dube ni ta saman tabarau.

"In ya dawo ya tarar wani ya yanka, me na gaya masa ke nan? Na gaya masa ko ba shi za a yi."

Wallahi ji na yi kamar in kwance tauren nan in kora shi titi. Na ce to a bari in zuba shinkafa da miya a kai wa maƙwabta, nama ya biyo baya. Nan ma ya ƙi, wai kwano ba zai fita daga gidansa ranar Kirsimeti ba tsoka a kai ba. Mama daga kan tabarma ta yi mini alama da ido in yi shiru, ta san mijinta.

Sai ga matan cocinmu sun fara shigowa gaisuwa, kowacce ta ci ado. Dole na zuba musu abin da ke akwai. Har yau ban manta wata daga cikinsu ba, yadda ta riƙa juya cokali cikin miya, ta tona nan ta tona can, sannan ta ɗago ta ce girkina ya yi daɗi. Kunya ta kama ni, na koma madafi ina ta masifa ni da tukwane. An kira wayar Malam har an gaji, ba ta shiga.

Sai bayan la'asar keke ya sauke shi da buhunansa. Ashe motarsu ce ta lalace a hanya. Ko gidansa bai shiga ba, ya leƙa ta ƙofa ya ce a miƙo masa wuƙa, ya faɗo gidanmu yana "wushe, wushe", wato sannu da yarensu, yana ba Baba haƙuri, Baba na cewa ai ba komai, ba wata gaggawa. Ba wata gaggawa! Ni da bakina ya bushe tun safe.

Aka yanka, ana fiɗa, matar Malam ta shigo taya ni wanke kayan ciki kamar yadda ta saba. Don in sauke abin da ke raina na ce mata yau dai mun sha jira, su ai sun huta, sun ci nasu tuni. Ta yi 'yar dariya, hannunta cikin ruwa.

"'Yata, mu ranar Kirsimeti ai ba ma ɗora tukunya. Jikokina tun safe suke zaune da kwanukansu."

Na tsaya ina kallonta. Wato wuni guda shinkafa na hucewa a nan, yara na jin ƙanshin miyata ta kan katanga, su kunya ta hana su aiko, mu kuma kunya ta hana mu aika. Raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci duk ranar.

Ban nemi izinin kowa ba. Na juye miyar a kan shinkafa, na ciccibi tukunyar nan na ɗora a ka. Ina jin Baba yana kira na, wai in dakata nama ya dahu, ko waiwaye ban yi ba.

Na dire ta a tsakar gidan Malam, yaran suka kewaye ta. Shinkafar ta yi sanyi ƙalau, amma babu wanda ya tona neman nama.