Kaset ɗin da Mma Ba Ta Kalla Ba

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata a unguwarmu ta Nima, har da fuskokin wasu da muka yi makaranta tare. Amma abin da ya faru da kaset ɗin da yayanmu ya aiko daga Jamus yana nan daram a raina, kuma na san ba zai fita ba sai ranar da aka kai ni makwancina.

Yaya shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma. Ya tafi Turai tun ina firamare, kuma da yake takardunsa ba su cika ba, babu halin ya zo gida ya koma. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ya aiko mana da bidiyo, wanda a Nima muke ce wa dek. Daga ranar falonmu ya zama silima. Ni kuwa lokacin ina budurwa, ga rawar kai ga baki, sai na naɗa kaina sarauniyar kallo. Ni na san sabon wasan da ake yi a talabijin ranar Lahadi, na san wane fim ɗin Indiya ne zai sa mutum kuka, wane na Sin ne duka kawai ake yi babu labari. Matan gidanmu na haya ba sa karɓo kaset sai sun tambaye ni, har daga unguwar Maamobi ake turowa a ji wanne ya fito.

Mma ma ba a bar ta a baya ba. Daga Nijar aka kawo ta aure, ba ta jin Turanci, Twi ɗinta kuma, wato yaren 'yan gari, na ciniki ne kawai, amma in ana kallo tana gefena ina fassara mata, rabi gaskiya rabi ƙari. Idan ta gama aikinta sai ta ce, "Yau wanne ya kamata a kalla?" Ni kuma in shiga zuba kamar an biya ni.

Rannan wani abokin Yaya ya zo hutu, ya kawo kaset. Ashe Yaya ne ya ari kyamara aka ɗauke shi. Bayan la'asar gida ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Sai ga shi a talabijin, cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana nuna mana ɗakinsa da tukunyar da yake dafa shinkafa. Ya gaida Baba, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Amma tun kafin hoton ya gama fitowa Mma ta miƙe, ta ce ta bar miya a wuta. Ranar ko wuta ba ta hura ba.

Dariya muka yi. Mu 'yan Nima mun san kunyar ɗan fari, amma a wurinmu abin tsokana ne. Mma ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, sai dai "yayanku" ko "wancan". Ko ranar da zai tafi ba ta raka shi bakin titi ba. Saboda haka muka ɗauka ta yi abin da aka san ta da shi, aka ci gaba da kallo ana shewa.

Bayan wannan sai tambayarta ta canza lokaci. Da hantsi take yin ta, sa'ad da Baba ya tafi kasuwar Agbogbloshie wurin albasarsa, yara suna makaranta, gida ya yi tsit. Sai ta tsaya a ƙofar falo tana goge hannu da bakin zani, ta ce yau wanne ya kamata a kalla. Ni kuma uwar iyawa, in zaro mata sabon da na karɓo in ce ai wannan ya fi na jiya. Ta zauna ta kalla, ba dariya ba kuka, wani lokaci ma ta tashi tun ba a kai rabi ba. Har haushinta na riƙa ji, ina cewa Mma ta daina gane fim mai kyau.

Ana cikin haka Baffa, yayan Babanmu da ke zaune a unguwar Alajo, ya aiko a ba shi kaset ɗin iyalinsa su gani. Wa zai hana Baffa? Aka bayar. A gaban Mma aka miƙa, ta bi shi da ido.

Wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidanmu ce ta farkar da ni. Na je sayen koko ina yi mata ƙorafin Mma, sai ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke yarinya, kanki ba shi aiki koraa, ko kaɗan," ta ce da Hausarta ta Nima. "Mamanki ba Indiya yake nema ba. Yaronshi yake so shi gani. Sai shi buɗe baki shi gaya miki?"

A ranar na hau trotro, motar haya, zuwa Alajo. Baffa ya karɓe ni da fara'a, ya ce ai kaset yana wurin surukansa, za a kawo. Yarinya ba ta tsare babba da tambaya, na dawo hannu wofi. Na gaya wa Baba, ya ce shi ba zai aika wa yayansa a kan kaset ba kamar mai bin bashi. Daga surukai kaset ɗin ya wuce gidan wani abokin Yaya, daga can ya koma Alajo, ya kwanta a ƙarƙashin gado damina guda, a ɗakin da ruwa ke shiga duk sanda aka yi mai ƙarfi.

Da ya dawo hannuna, zaren ciki ya yi fari fat da fumfuna. Na kai wa mai gyaran bidiyo a bakin babban titi. Ya goge, ya yanke inda ya ruɓe, ya liƙa, sannan ya ce in yi haƙuri, iyakar ƙoƙarinsa ke nan.

Na jira hantsin da gida ya watse. Wannan karon ban jira tambaya ba. Na sa kaset ɗin, na ce, "Mma, zo ki ga wani abu." Ta zo ta zauna a bakin kujera. Hoto ya ƙi fitowa, sai wani farin yayyafi da layuka suna gudu. Na murɗa duk abin da ake murɗawa, na bubbuga, a banza. Murya kawai ta rage, tana zuwa tana yankewa. Muka ji yana cewa, "Mma, na san ba za ki zauna ba, amma ina gaishe ki. Ki yafe mini daɗewa."

Ba ta ɗauke ido daga wannan yayyafin ba har muryar ta ƙare. Sannan ta tambaye ni a hankali, ba tare da ta juyo ba.

"Ya rame ne?"

Na ce a'a, ya yi ƙiba, har gemu ya ajiye. Ta ce gemu kuma? Ta yi ɗan murmushi, ta ce in faɗa mata yadda ya yi masa. Ni da nake iya ba da labarin fim tun daga farko har ƙarshe ba numfashi, ranar na rasa yadda zan siffanta fuskar ɗan'uwana. Kuka ya ƙwace mini, ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri.

Na aika wa Yaya ya sake yin wani. Ya ce mai kyamarar ya bar garin, kuma ai takardu sun kusa fitowa, da kansa zai zo. Ya zo ɗin, amma bayan an yi sadakar arba'in ɗin Mma. Allah Ya jiƙanta. Duk Nima da Maamobi da Alajo sun ga ɗanta, har waɗanda ba su san shi ba, ita kaɗai ce ba ta gan shi ba. Wannan baƙin cikin bai taɓa sakina ba.

Abin da na koya shi ne, mai kunya ba ya roƙon abin da ya fi so, kuma shirunsa ba ƙi ba ne. In ka gane abin da ransa ke nema, kada ka jira ya faɗa, kada kuma ka bari sai gobe. Ka ajiye masa a gabansa, ka ja ƙofa, ka ba shi wuri.