Takardar Gwajin Inna Mariama

Na fi shekara ashirin ina aikin jinya a Damagaram, na manta marasa lafiya da yawa, amma ranar da aka kawo Inna Mariama daga Tirmini ta ƙi barin zuciyata. Lokacin ni ne majo, wato shugaban masu jinya na ɗakin mata. Duk takardar gwajin da lokotoro, wato likita, ya rubuta, ta hannuna take bi kafin ta isa labo, ɗakin gwaje-gwaje.

Inna Mariama ta haura sittin. 'Yarta Zuwaira ce ta riƙo ta, don ƙafafu ba sa ɗaukarta sosai, ga ciwon ƙashi. Sabuwar lokotoronmu, wadda ba ta daɗe da gama karatu ba, ta duba ta, ta rubuta a auna bitamin D a jininta. Wannan bitamin fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Labonmu ba ya wannan gwaji, sai an tura jini Yamai, mota kuma sau ɗaya take tafiya a mako.

Na yi dariya, na ce, "Lokotoro, nan fa Damagaram ce. Ruwa yana yankewa, wutar kuran tana yankewa, amma rana ba ta taɓa yanke mana ba. Balle matar manomi."

Ta ce, "Majo, a dai tura."

Na ce to. Na jefa takardar a aljihun tebur, na ba tsohuwa maganin ciwon jiki, na ce sanyin ƙashi ne na tsufa. A ganina na rage musu wahalar zirga-zirga.

Bayan wata biyu suka dawo. Mura ce ta zagaye gidansu, kowa ya warke cikin mako, Inna kuwa ta sauka mata a ƙirji, numfashi da ƙyar. Muka sa mata oksijen. Lokotoro ta nemi sakamakon gwaji, na ce ban tura ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da kanta ta ɗebi jinin.

Sai a ranar na tambayi Zuwaira ko Inna tana zuwa gona.

Ta ce, "Gona, majo? Ai tun rasuwar Baba ta shiga takaba. A gidanmu mai takaba ba ta barin ɗaki sai alwala, shi ma a lulluɓe. Da kwanakin suka cika ta ƙi fitowa, ta ce ba ta iya ganin rumfar da yake zama. Shekara guda ke nan."

Shekara guda a ɗaki mai 'yar taga, ni kuwa ina ta surutun ranar Damagaram. Tambayar ba za ta ci mini minti ɗaya ba.

Inna ta rasu a kwana na shida. Sakamako ya iso bayan an yi sadakar bakwai: bitamin ɗin ya yi ƙasa ƙwarai. Na tambayi lokotoro, da na tura tun farko, da ta rayu?

Ta ce, "Ban sani ba, majo. An lura masu ƙarancinsa sukan fi shan wuya idan irin wannan cuta ta sauka a huhu. Amma ko shi ne sanadi, ko cike shi yana hana mutuwa, masana ma ba su daidaita ba. Ba zan ce kai ne ba, ba zan kuma wanke ka ba."

Wannan rashin sani shi ya fi cina, kuma babu labon da zai ba ni amsa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, mu muna tambayar inda ke ciwo, ba ma tambayar inda mutum yake wuni. Tsohon hannu ya fi kowa wannan laifi, don yana ganin ya gama sanin mutanensa. Ban sa rai za ku ji ba, ni ma an gaya mini ina sabon shiga.

Bayan arba'in Zuwaira ta zo da ƙullin gyaɗa. Ta durƙusa ta ce, "Majo, kun yi iya ƙoƙarinku. Inna ta ce kai ne mai sa ta dariya. Allah ya saka da alheri."

Na karɓa, na ce amin. Har yau ban gaya mata ba.