Turancin Tsinken Tsire

Yayana Maccido shekara arba'in yana tsire a Unguwar Rogo, bai taɓa leƙa ajin boko ba. Sai da gemu ya yi fari fat sannan haukan Turanci ya kama shi.

Dalili kuwa jikarsa ce Zakiyya. Ubanta Abdulshakur fataucin shanu ya kai shi Fatakwal, can aka haife ta, ta tashi ba ta jin Hausa ko ta zo-in-kashe-ka. In an ba ta waya su gaisa da kakan, sai su yi ta jin numfashin juna. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

"Sadiyatu," ya ce mini, "kowane tsoho na tsokanar jikanyatai, ni ban da ni. Ina amfanin tsufan?"

To ka san tsoffin takardun makaranta da ake naɗe nama da su? Su ya mayar allo. Ɗalibi in ya zo sayen tsire, sai ya karanta masa shafi da ƙarfi kafin a naɗe, ladansa gyaran hanta. Maccido ya lura kalmomin Bature ma abokan tafiya gare su, in ka ga wannan to waccan na biye. Sai ya riƙa yago jimloli yana soke su a tsinke: tsinken tambaya daban, na abin da ya wuce daban, na zagi daban. Wannan na ƙarshen ya fi kowane cika. Nama ya ƙone yana haddar jimla, masu saye suna masifa, ni ma na yi tawa har na gaji. Wata takwas muna cikin wannan.

Da Babbar Sallah Abdulshakur da matarsa suka kawo Zakiyya, 'yar shekara bakwai. Maccido ya karkace hula, ya gyara murya, ya zuba mata cikin Turanci: ita matarsa ce, amma mummuna, marowaciya, ba ta iya tuwo ba, yau zai sake ta.

Ba wanda ya tuna yarinyar nan ba ta san wasan kaka da jika ba. Ta ji kowace kalma tas, ta fashe da kuka, ta ruga bayan uwarta.

"Ta ji ni!" in ji shi, har da tsalle. Can da ya lura kuka take da gaske, sai ya zauna bakin turmi. Wallahi ya ba ni tausayi.

Na ce wa uwar ta gaya mata nan ramawa ake yi. Ta raɗa mata. Zakiyya ta leƙo, ta share hawaye, ta ƙare masa kallo, ta harbo wata doguwar magana.

Abdulshakur ya buɗe baki zai fassara, Maccido ya ɗaga masa hannu.

"Bari, na ji abina. Cewa ta yi ba ni da haƙora, ina warin hayaƙi, ita ta fara sakina."

Yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa hannu ya ce ta ƙara.