Ranar Da Kakata Ta Je Ɗibar Ruwa A Tankin Soja

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da kakata ta je ɗibar ruwa a wurin sojoji. A shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara kwarara kamar an fasa randa, kowa a Fagge ya buɗe hannu yana jiran rabonsa. Ni kuwa ina makarantar horon malamai mata, in na dawo hutu ba ni da aiki sai kallon gajimare da rubuta waƙoƙin da babu mai karantawa.

Akwai wani fili can bayan unguwarmu, in an tsallake layin dogo. Ba gonar kowa ba ce, amma a wurin Inna, kakata, nan ne kasuwa, nan ne kuma asibiti. Da damina ga tafasa, ga lalo, ga gasaya, yaɗiya ta nannaɗe kowace ƙaya, daga gefe kuma sabara ta yi cunkus. Sabarar nan ita ce a ran Inna, domin yayata tana da tsohon ciki, ita kuwa ta rantse jikarta ba za ta yi wankan jego da ganyen kasuwa ba, alhali ga sabarar da uwarmu ta yi wanka da ita.

Wata rana da yamma kawuna, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, ya dawo yana cewa, "Yau an sauke tankoki manya-manya daga jirgi. Wai filin nan na baya za a kai su."

Famfon unguwarmu ya daɗe ba ya ba da komai sai huci. Inna ta ajiye carbi ta ce, "Tanki? Alhamdu lillahi, gwamnati ta tuna da mu." Kawu ya ci gaba da cin tuwonsa. Har yau ban sani ba ko bai ji ba ne, ko tsabar mugunta ce.

Da safe ta tashe ni, ta miƙa min bokiti biyu. Maƙwabciyarmu Bayarabiya, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ita ma ta ba mu daro a ɗebo mata. A hanya ina ta shirya baitoci a kan ruwa da furanni.

Tun kafin mu isa muka ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarmu. Wasu dodannin ƙarfe ne masu tafiya a kan sarƙa, suna kaiwa suna komowa, suna juyi a wuri ɗaya kamar jaki mai birgima. Duk inda suka juya sai ƙasa ta ɗaye. Inna ba ta karaya ba. Ta nufi wani tankin da ke tsaye, inda wani kofur yake goge zufa.

"Yaro, sannu da aiki. A ina ake kunnawa?"

"Kunna me, Mama?" Daga jin Hausarsa haifaffen Sabon Gari ne.

"Famfon mana. Kun ɗaga bututun sama haka, wa zai iya tara bokiti a can?"

Sojojin da ke kusa suka kwashe da dariya, har wani ya zauna a ƙasa. Kofur ya daure ya ce, "Mama, wannan bututun wuta yake fitarwa."

Inna ta dube shi, ta dubi abin. "To kuɗin man da ake ta faɗa, abin da aka sayo mana ke nan?"

Sai a lokacin ta waiga ta ga sabararta. An markaɗe kusan duka, ƙamshin ɗanyen ganye ya gauraye da hayaƙin gas. Gungu ɗaya ya rage, ga kuma wata motar yaƙin ta doso shi. Inna ta fizge bokiti daga hannuna, ta kutsa tsakiyar sabarar, ta kife shi, ta zauna a kai, ta gyara mayafi.

Kofur ya biyo ta da gudu. "Mama, ki tashi. Oda ce daga sama."

"Ni ruwa na sani yana saukowa daga sama. Kai, da ta haife ka, uwarka da wane ganye ta yi wanka?"

"Ban sani ba, Mama, ina ƙarami lokacin."

Wani hafsa da ke kallo daga nesa ya kaɗa sandarsa, motar ta kauce. Ni kuwa ina gefe rungume da daron mutane. Daga ranar, kullum Inna sai ta koma ta zauna, har sojojin suka gaji da ita suka kewaye gungun da duwatsu, suka shafa musu farar ƙasa, domin soja ba ya ganin dutse ya ƙyale shi. Da yayata ta haihu, daga nan aka karyo ganyen wankanta.

Sauran filin kuwa bai dawo ba. Ƙasar ta taurare kamar daɓe, ruwan sama ya riƙa kwanciya a sawun sarƙa yana bushewa a banza. Tafasa da lalo suka yi ƙaura. Ƙarangiya da tsidau, waɗanda ba su da kunya, suka gaje wurin, tumfafiya tana yi musu sarauta. Sojojin sun tashi da daɗewa, amma har na yi aure na bar Fagge ana gane hanyar kowace mota.

Na rubuta wa filin nan doguwar waƙar makoki, mai daɗi kuwa, sai dai ko ganye ɗaya ba ta tsirar ba. Abin da na koya shi ne, ƙasa ba ta da bakin kai ƙara, kuma ta fi mutum daɗewa ba ta huce ba. In kana son wani abu da ke tsiro a kanta, kada ka tsaya daga gefe kana yaba kyansa. Je ka zauna a kai tun ƙarfe bai iso ba.