Kanwar Malam da Raƙumin Turawa

A shekarar da fari ya cinye dabbobin ƙasarmu aka zaɓi mutum biyu daga ma'aikatar kiwo ta Yamai, aka ce za mu Turai ƙaro ilimi na wata shida, abin da muke kira sitaj. Ni sabon shiga ne a aikin, ina haya a unguwar Boukoki, ba mata ba ɗa. Abokin tafiyata kuwa dattijo ne, kowa Malam yake ce masa, gidansa na unguwar Dar es Salam ya cika maƙil da dangin da yunwa ta koro daga ƙauye. Albashinsa kaɗai ke ɗora tukunya a gidan. Shi Babarbare ne na Damagaram, ni Ba'are ne na Dogon Dutsi, saboda haka akwai wasa tsakaninmu. Ina ce masa bawana, yana ce mini nasa, ba mai jin haushi.

Ana saura kwana biyu mu tashi, wani soja ya kira mu biro, wato ofis, don lokacin su ke riƙe da ƙasa. Bai ko ce mu zauna ba. Ya ce duk wanda ya jawo wa ƙasa abin kunya a can, jirgin farko zai dawo da shi, kuma kada ya sake tambayar inda kujerarsa take. Ni ta kunnen dama ta shiga, ta hagu ta fita. Malam kuwa ya riƙe maganar gam, don ya san bakunan da ke jiransa.

Wata uku muka yi Malam bai taɓa tsallaka titi ba sai fitila ta ba shi izini, ko da babu mota ko ɗaya. Sanyi ya sa shi gaba. Yakan sa wando biyu, riga uku, ya ɗora manto, babbar rigar sanyi, ya naɗa rawani a kan hular ulu, har in ce masa idan ya faɗi sai dai a mirgina shi zuwa gida. Abincinsu ma bai karɓe shi ba, shi ya sa kullum akwai guntun kanwa a aljihunsa, cikin wadda matarsa ta sayo masa a kasuwar Petit Marché. In cikinsa ya ɗaure sai ya jiƙa ya sha.

Ana gab da Noel, wato Kirsimeti, tsohuwar da muke haya a gidanta ta ba mu tike biyu na gidan namun daji. Ta ce mu daure mu kai yamma, za a kunna fitilu. Malam ya ce shi da ya bar dabbobi suna mutuwa a gida ba zai je kallon na wasu ba. Na ce masa dama Barebari tsoron kura gare su. Wannan ce ta tashe shi.

Mun sha dariya ranar. Zakinsu yana kwance a ɗaki mai ɗumi, bayan gilashi, ya yi ƙiba har ya ƙi ɗaga kai. Malam ya ce wannan ya fi mu samun sitaj mai kyau. Muka ga wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye cikin baƙar riga da farin ƙirji, na ce ga ma'aikatan ministan kuɗi sun fito. Da muka iso wurin raƙumi mai tozo biyu, yana tsaye cikin ƙanƙara da gashi buzu-buzu, Malam ya kewaya shi da ido, ya ce shi dai bai yarda ba, an haɗa biyu ne aka ɗinke.

Sai muka shiga wata rumfa, muka tarar da namu. Raƙumi mai tozo ɗaya, ja, dogo, irin wanda ake gani a hanyar Tanut. Yana ta lasar ƙarfen shinge, yana gurgurarsa da haƙori. Malam ya daina dariya.

"Ba'are, dubi," ya ce. "Gishiri yake nema."

Ya yi masa wata 'yar ƙara da harshe, irin ta masu raƙuma. Dabbar ta bar ƙarfen ta miƙo wuya. Kafin in ce wani abu Malam ya ciro kanwar, ya ɗora a tafin hannu. Raƙumin ya kwashe ta, muna jin ƙarar tauna.

Akwai allo a gefe da aka rubuta kada a ba dabbobi komai. Mun iya karatu sarai, amma a wurinmu kanwa ba abinci ba ce, hakkin raƙumi ce. Mai gadin wurin bai san haka ba. Abin da ya gani shi ne baƙo mai rawani ya ba dabba wani farin dutse. Ya zo da gudu, fuska ta yi ja, yana faɗin guba. Ya karɓi sauran kanwar, ya karɓi katinmu na makaranta, ya ce likitar dabbobi za ta duba, idan abin ya kai a kira 'yan sanda za a kira, a kuma sanar da ambasad ɗinmu, wato ofishin jakadancin ƙasarmu. Ya ce kada mu fita daga gidan.

Kalmar ambasad ce ta tuna wa Malam gargaɗin sojan nan. Muka zauna a wani benci muna jira. Na ji tsoro, na kuma ji kunya, don ni na tsokane shi ya fito.

Ƙarfe biyar ba ta yi ba duhu ya rufa, haka ranarsu take a wannan lokaci. Sai aka kunna fitilun gaba ɗaya. Kowace bishiya ta kama da ƙananan ƙwayaye, ja da shuɗi da ruwan zinariya. An ƙera giwa da waya an lulluɓe ta da wuta, ga raƙumin dawa ya fi soro tsawo, ga kifaye suna iyo a kan ruwan da ya daskare. Yara suna ihu, ana sayar da wani abu mai ƙamshin gasasshiyar gujiya. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ban taɓa kallon abu mai kyau cikin tsoro haka ba.

"Wutar nan za ta ishi Boukoki shekara," na ce, don in sa shi magana.

"Ku Arawa ai sai ku ɗauka gobara ce ku kawo ruwa," ya ce, amma bai yi dariya ba.

Can sai ga mai gadin tare da wata mace gajera mai farin gashi, cikin takalman roba. Ita ce likitar. Tana riƙe da kanwar, ta tambayi wane ne mai ita. Malam ya miƙe tsaye kamar a gaban sojan nan. Ta tambayi sunan abin, da inda ake haƙo shi, da yawan da ake ba raƙumi. Malam ya fara amsawa da ƙyar, sai bakinsa ya buɗe, ya shiga yi mata bayanin yadda ake kai garke wuraren gishiri bayan damina. Ta ce ta ɗanɗana da harshenta, ta gane. Ta ce wata biyu ke nan dabbar na cin ƙarfe, su suna zaton haƙori ne. Duk da haka ta ja masa kunne, ta ce doka doka ce, gobe wani zai ba da abin da ba kanwa ba. Ta miƙo mana katinmu, ta tambaya ko za ta iya riƙe sauran.

Da suka tafi, Malam ya koma ya zauna, ya sauke numfashi mai tsawo. Ni kuwa bakina ya dawo.

"Bawana, wata uku kana jiran fitila a titin da babu mota, yau ka tashi kai mu gidan kaso saboda raƙumi. Mi ya kai ka?"

Ya juya ya dubi giwar wutar.

"Shekara biyu ana aikena daji," ya ce. "Ina tsaye da takarda, dabbobi na kallona suna faɗuwa, ba ni da abin da zan ba su sai ƙirga. Wannan ya roƙa, kuma akwai a aljihuna."