Hular da ke Aljihun Baba Kayode

A bakin tashar Funtua ake jiran ɗan takarar majalisar wakilai. Wani dattijo na tsaye wurin mai shayi, suna gardama kan ko takin gwamnati zai iso kafin masara ta wuce lokaci. Hausarsa ta 'yan gari ce tsantsa. Faratansa sun yi baƙi da man inji, ina jin injin niƙa yake gyarawa. A kansa akwai hula ƙube da ta sha wanki.

Jiniya na tashi, wani mai lasifika ya ƙwala masa kira: "Baba Kayode, ina hular? Hau sama, kai ne wakilin baƙi!"

Ya cire ƙuben, ya zaro hular Yarbawa daga aljihu duk ta yamutse, ya ɗora, ya karya ta gefe. Da gani ba yau ya fara ba.

Mai shayi ya dube ni. "Nan fa aka binne cibiyarsa. Da ɗansa ya nemi kansila, cewa aka yi ya tafi garinsu."

Wane garin? Na tabbata can kudu ma Bahaushe suke ce masa.

Ga shi yanzu a kan dandamali, an ɗaga hannunsa ana ɗaukar hoto, ana ihun kowa namu ne. Ɗaya hannun yana bayansa, ya damƙe ƙuben gam, kamar ita ma za a ƙwace.